Kallon Ƙwallo Na Neman Zama Sai Mai Hali A Jalingo

Duk ranar Asabar da yamma samarin unguwar Barade da ke cikin garin Jalingo sukan yi ta sauri zuwa rumfunan kwano inda ake nuna wasannin ƙwallon ƙafa na Ingila. Tun daga nesa mutum zai ji rurin janareta, ya hangi allo a jingine bakin ƙofa, an rubuta da alli sunayen kulob-kulob ɗin da za su kara da kuma lokacin da za a take wasa. A bakin ƙofar akwai mai karɓar kuɗin shiga. Wanda ya biya ya kutsa ciki ya nemi benci, wanda ba shi da shi kuwa ya tsaya a waje ya kasa kunne, ba ya sanin an jefa ƙwallo a raga sai ya ji ihun na ciki.

Wurare uku ne mai sha'awar ƙwallo a Jalingo zai iya zuwa ya kashe ƙishirwarsa. Akwai gidan kallo irin wannan, akwai babban filin wasa na Jolly Nyame, sa'an nan akwai filayen manyan makarantu, wato jami'a da kwalejojin da ke garin da kewayensa. Biyun farko kuɗin zuwa cikinsu ya yi ta hawa tun daga shekarar 2023. Na ukun, wanda ya kamata ya fi kowanne araha, shi ne wanda jama'ar gari suka fi mantawa da shi. Abin lura a nan shi ne, talaka yana ƙara biya kowace shekara domin ya ga ƙwallo, amma kuɗin nasa ba ya komawa filin da ɗansa ko ƙanensa ke buga wasa.

Lissafin Mai Gidan Kallo

Masu kallo sukan yi gunaguni duk lokacin da aka ƙara kuɗin ƙofa, wasu har su ce mai gidan ya cika son riba. Amma wanda ya zauna ya buga lissafin zai ga cewa shi ma mai gidan kallon tsakanin wuta biyu yake. Abu na farko da ke cin kuɗinsa shi ne man fetur, domin ba mai gidan kallon da zai dogara da wutar lantarki kaɗai, tun da in aka ɗauke ta ana tsakiyar wasa, ranar nan sai ya mayar wa mutane kuɗinsu ko kuma ya sha zagi. Kafin ranar 29 ga watan Mayu, 2023, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya karɓi mulki ya kuma ba da sanarwar janye tallafin mai, farashin gwamnati na lita ɗaya bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya tashi zuwa wajen naira 500, kafin ƙarshen shekarar 2024 kuwa ya haura naira 1,000 a wurare da yawa.

Abu na biyu shi ne kuɗin da yake biya duk wata ga kamfanin da ke kawo hoton wasan ta tauraron ɗan adam. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, da kuɗin waje yake sayen izinin nuna gasar Ingila da ta zakarun Turai. A watan Yuni na 2023 aka sake wa naira mara a kasuwar canji, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. Kamfanin ya ƙara farashinsa sau biyu a 2023, ya sake ƙarawa a 2024, ya kuma ƙara a 2025. Ga kuɗin hayar wuri, ga gyaran janareta da fankoki, ga ladan yaron da ke tsaron ƙofa. Duk waɗannan a kan ɗan abin da mai kallo ya miƙa suke sauka.

Shi kuwa mai kallon, a watan Yuli na 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga naira 30,000 na 2019, amma samarin da ke cika bencin gidan kallo yawancinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Akwai tela, da bakanike, da direban Keke Napep, da ɗan tireda, da ɗalibin da ke jiran abin da iyaye za su aiko. Ga irin waɗannan, wasan Asabar da na Lahadi da na daren Talata da Laraba in aka tara su a wata ba ƙaramin kuɗi ba ne. Saboda haka mutum ya fara zaɓe, ya shiga ranar da kulob ɗinsa ke wasa, sauran kuma ya ji labari a majalisa. Kuɗin da ya biya ɗin, kashi ya tafi gidan mai, kashi ya tafi ƙasar waje, ko kwabo bai faɗa asusun wani kulob na Jihar Taraba ba.

Darasin Filin Jolly Nyame

Mutanen Jalingo sun taɓa ɗanɗana ƙwallo mai daraja a ƙofar gidansu. A shekarar 2013 kulob ɗin jihar, FC Taraba, ya sami hayewa zuwa rukuni na ɗaya na gasar ƙasa, ya buga kakar 2014 da ta 2015 a can. A waɗannan shekaru manyan kulob-kulob irin su Kano Pillars da Enyimba da Enugu Rangers suna cikin abokan karawarsa, kuma yaron Barade ya sami damar ganin 'yan wasan da a da sai dai ya ji sunansu a rediyo. Amma daɗin bai daɗe ba. A ƙarshen kakar 2015 kulob ɗin ya faɗo zuwa rukuni na ƙasa, kuma jaridun ƙasar nan suka ɗauki labarin 'yan wasansa sun tare a ƙofar Gidan Gwamnati suna neman albashinsu na watanni masu yawa.

Wannan ba ciwon Taraba kaɗai ba ne. Yawancin kulob-kulob na rukunin farko a Nijeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma daga baitulmalin jiha ake biyan albashi da kuɗin tafiya da masauki. Kuɗin ƙofa ba ya ɗaukar ko kusa da wannan nauyi. In an tsawwala tikiti fili ya zama wayam, in an sassauta kuma abin da aka tara ba ya wuce ladan masu tsaro da gyaran ciyawa. Wani lokaci a kan buɗe ƙofa kyauta domin a cika fili a ƙarfafa wa 'yan gida gwiwa. To, kulob ɗin da ke rayuwa a kan abin da gwamna ya ga dama ya bayar, ranar da aljihun jiha ya yi sanyi shi ne na farko da za a manta da shi, domin ba wanda zai fifita albashin mai tsaron raga a kan na malamin asibiti.

A da ba haka tsarin yake gaba ɗaya ba. Mighty Jets ta Jos, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, da Raccah Rovers ta Kano, wadda ta ci a 1978, attajirai da mutanen gari ne suka riƙe su. Kamfanoni da 'yan kasuwa ma sun kafa nasu, kamar Leventis United da Abiola Babes, waɗanda aka rushe a ƙarshen shekarun 1980 lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare. Daga nan ne nauyin ya yi ta komawa kan gwamnatoci. A kakar 2024 zuwa 2025 an ga Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta ɗauki kofin ƙasa, kuma ƙarfinta ya fito ne daga makarantar horar da yara da mai ita ya gina.

Ko da an ce shiga fili kyauta ne, zuwa filin ba kyauta ba ne. Mutumin Barade zai biya Keke Napep zuwa da dawowa, kuma kuɗin keken ya bi farashin mai ya hau. Zai sayi ruwan leda da gyaɗa ko rake, in ya tafi da 'ya'yansa biyu lissafin ya ninka. Ban da haka ya rufe shagonsa na rabin yini. Tsadar kallon ƙwallo ba a bakin ƙofar fili take farawa ba, tun daga ƙofar gida take.

Asusun Wasanni Na Manyan Makarantu

A nan ne maganar makarantu ta shigo. Jihar Taraba, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga watan Agusta, 1991, tana da manyan makarantu da dama. Akwai Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008, da Kwalejin Aikin Gona a nan garin, da Kwalejin Horon Malamai ta Zing, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar, da Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka kafa a 2011. Dubban samari da 'yan mata ne a cikinsu, daidai shekarun da jiki ke da ƙarfi. Wasan da suke yi tsakanin sashe da sashe ko tsakanin ɗakin kwana da ɗakin kwana ba ya bukatar janareta, ba ya bukatar dala.

To, daga ina kuɗin wasannin irin waɗannan makarantu yake fitowa? A yawancin manyan makarantun ƙasar nan, in ɗalibi ya duba takardar biyan kuɗin rajista zai ga wani ɗan layi da aka rubuta kuɗin wasanni, kusa da kuɗin asibiti da na laburare da na katin shaida. Kowa yana biya, da mai buga ƙwallo da wanda bai taɓa taka fili ba. Daga wannan ne, tare da abin da hukumar makaranta ta ƙara daga nata aljihu, ake sayen ƙwallaye da raga da riguna, a gyara fili, a sallami alƙalan wasa, a kuma yi tafiya zuwa gasa. Kuɗin ƙofa babu shi, kuɗin talabijin babu shi, masu talla kuwa ba safai suke leƙowa ba.

Matsalar ita ce, wannan ɗan kuɗi a tsaye yake wuri guda shekara da shekaru, alhali kuwa ƙwallo da takalmi da riga yawanci daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Shugaban makaranta kuma yana da abin da ya fi ƙwallo damunsa, ga man janareta na ɗakunan karatu, ga ruwa a ɗakunan kwana, ga kwasa-kwasan da hukuma za ta zo ta tantance. Asusun TETFund na Gwamnatin Tarayya, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilmi na 1993, ƙarfinsa ya fi tafiya ga gine-gine da littattafai da bincike da ƙaro ilmin malamai. A 2023 gwamnatin Taraba ta ba da sanarwar rage rabin kuɗin makaranta a jami'ar jihar. Iyaye sun ji sanyi ƙwarai, amma hakan yana nufin makarantar ta ƙara jingina ga baitulmalin jiha, wato wurin da kulob ɗin jiha ma yake kai ƙoƙon bararsa.

Tafiya ita ce babbar mai cinye asusun. Ƙungiyar wasannin jami'o'in Nijeriya, wadda aka fi sani da NUGA, ta yi gasarta ta farko a Jami'ar Badun a 1966. Kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai su ma suna da tasu gasar. An tsara ta jami'o'in ne a riƙa yi duk bayan shekara biyu, amma ba kullum hakan ke samuwa ba. An yi a Ile-Ife a 2014, aka yi a Makurɗi a 2017, ba a sake ba sai a Ikko a watan Maris na 2022, a tsakiyar yajin aikin malaman jami'a wanda ya ɗauki wata takwas a shekarar. Daga Jalingo zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000. Makarantar da za ta tura tawaga sai ta tanadi bas da mansa na zuwa da dawowa, da abincin kwana da kwanaki, da masauki, da magani, da alawus na malamai masu rakiya. Tafiya ɗaya tana iya lashe abin da aka tara a shekara, ta bar ɗaliban da suka biya kuɗin ba ko ƙwallo ɗaya ta motsa jiki.

Abin da ake asara ba ƙarami ba ne. Ranar 22 ga watan Maris, 1980, lokacin da Green Eagles ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Ikko ta ɗauki kofin Afirka karo na farko, Segun Odegbami wanda ya jefa biyu daga ciki ya karanta aikin injiniya ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Badun, Adokiye Amiesimaka kuma ya karanta aikin lauya a Jami'ar Ikko. A zamaninsu filin makaranta shi ne gonar da ƙasa ke girbar 'yan wasa. Ko a kwanan nan an ga alamar cewa gonar ba ta mutu ba. A 2018 wani kamfani mai zaman kansa ya haɗa kai da NUGA aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu mai suna HiFL, bankin Stanbic IBTC ya ɗauki nauyi. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta ci kofin farko, Jami'ar Maiduguri kuma ta ci na 2021. 

Gani Ga Wane

Wani zai ce ai sai a mai da wasan makarantu kasuwa kamar yadda Amurkawa suka yi. Ya kamata a dubi abin nasu da kyau tukuna. A Amurka jami'o'i ne ke da manyan filaye na irin tasu ƙwallon, wadda ake runguma a hannu a ruga da ita. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. A 2022 rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninsa na shekara bakwai a kan kuɗin da ya kai dala miliyan dubu 7. Amma duk da wannan ruwan kuɗi, jami'o'i da yawa a can abin da suke kashewa a wasanni ya fi abin da wasannin ke kawowa, sai a cike giɓin da kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai da kuma na asusun makaranta.

A watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Tun kafin a kai ga haka Jami'ar Tennessee ta sanar da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan tikitin ƙwallonta na kakar 2025, ta ce domin biyan 'yan wasa ne. Wato can kuɗi ya yi yawa har tikiti na neman gagarar mai ƙaramin ƙarfi, nan kuwa kuɗi ya yi kaɗan har wasan na neman gagarar makaranta. Ta kowace fuska aka duba, ɗalibi da mai kallo su ne ke biyan bashin ƙarshe.

Abin Da Hannu Zai Iya Kaiwa

Jalingo ba ta bukatar fili mai ɗaukar mutum dubu ɗari. Abu na farko da ake bukata shi ne lissafi a fili. In kowace makaranta za ta liƙa a allon sanarwa, sau ɗaya a shekara, nawa aka tara na wasanni da kuma abin da aka yi da shi, da wakilin ɗalibai a kwamitin da ke kashewa, ɗalibi zai biya da daɗin rai, ɗan kasuwar da ake roƙo ya taimaka kuma zai san inda kuɗinsa za shi.

Na biyu, a rage dogon buri a fara da gida. Gasa tsakanin manyan makarantun jihar, a buga a Jalingo da Zing da Wukari, tafiyar yini ɗaya ce, ba masauki ba kwana. In aka sa wasan ƙarshe a filin Jolly Nyame, aka yanka kuɗin ƙofa wanda bai kai na gidan kallo ba, aka bar yaran firamare su shiga kyauta, to iyaye da abokai da 'yan unguwa za su zo, domin ɗan wasan nasu ne, sun san gidansu. Masu horar da kulob ɗin jiha kuma su zauna a gefe su zaɓi na zaɓa, maimakon a yi ta kashe kuɗi ana ɗauko 'yan wasa daga nesa.

Na uku, tsofaffin ɗalibai da attajiran gari da masu gidajen mai da bankunan da ke da rassa a Jalingo suna da rawar takawa. Saitin riguna ɗaya da ƙwallaye goma ba za su karya ɗan kasuwa ba, kuma sunansa zai zauna a ƙirjin samari goma sha ɗaya har kaka ta ƙare. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shekarun da suka wuce sun nuna cewa hannun gwamnati kaɗai ba ya ɗaukar ƙwallo.

Ba wanda zai hana samarin Barade son Arsenal ko Manchester United, kuma gidan kallo sana'a ce da ke ciyar da iyali. Amma yaron da ke tsaye a bayan rumfar kwano yana sauraron ihun wasu, ya cancanci a ce akwai wani fili a garinsu inda zai taka da ƙafa ya je, ya zauna a inuwa, ya ga yayansa ɗalibi ya jefa ƙwallo a raga. Filayen suna nan, 'yan wasan suna nan, masu kallo ma suna nan. Abin da ya rage shi ne a sami masu riƙon asusu da za su haɗa su wuri guda.